Darasi huɗu suka rage min kan da'ira da ƙwallo: hadda ko gwaji?

Sabuwar Malama: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan ce shekarata ta farko ina koyar da lissafi a babbar sakandare, kuma darasi huɗu kacal suka rage min kafin jarrabawa, kowanne minti 40. Kewayen da'ira da faɗin cikinta mun yi, amma har yau rabin ajin suna cakuɗa 2πr na kewaye da πr² na faɗin ciki (r shi ne nisa daga tsakiyar da'ira zuwa bakinta, π kuma lambar da ake samu in an raba kewaye da 2r). Yanzu ga ƙwallo ya shigo da 4πr² na faɗin fatarsa da 4/3πr³ na girman cikinsa. Jiya na ce su nemo faɗin fatar ƙwallo, wata yarinya ta kawo min amsa a santimita kubik, wato ma'aunin girman ciki. Shin in ba da darasi biyu ga gwaji da hannu su ga inda fomulolin suka fito, ko in sa su haddace mu cika sauran lokacin da tambayoyi? Littafin kowa akwai fomulolin, ba rubutawa ce matsalar ba.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam Malama. Ki rubuta musu fomulolin da babban baƙi ki manna a bango. Haka aka yi wa ɗana.

Injiniya: Gwaji. Ki yanka da'irar kwali gida 16, ki jera yankunan ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa. Zai fito kamar murabba'i mai tsawo, tsawonsa rabin kewaye wato πr, tsayinsa r. Ki ninka, ga πr² nan a gabansu. Minti 15 ya ishe ki.

Tsohon Alli: Minti 15? Injiniya, ka taɓa raba almakashi a aji kuwa? Ni wannan aikin darasi biyu yake cinye min, na uku kuma shara.

Ɗan Bencin Baya: Malama ki yi haƙuri, ni ba shawara na zo da ita ba. Abin da aka yi min a kan ƙwallon nan ne har yau bai bar ni ba. Jarrabawar ƙarshen zango aka ce mu nemo cikin ƙwallo mai dayamita, wato tsawo daga gefe zuwa gefe ta tsakiya, santimita 14. Na raba biyu, r ya zama 7. Na yi amfani da 3.142 a matsayin π, na samu 1436.9. Takarda ta dawo, an zana min ƙaton sifili da jan biro, har ya huda takardar. Wai amsa 1437.3 ce domin malamin da 22/7 ya yi. Na je ofishinsu da takardata hannuna na rawa, na nuna masa layi bayan layi. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in na fi shi sani in zo in karɓi allin. Sauran malaman suka yi dariya. Wanda ke kusa da ni a aji 14 ya saka a matsayin r, ya samu 11,498 da 'yan kai, ninki takwas na amsar, shi ma sifili ni ma sifili. Makin tambayar nan ne ya sa na faɗi lissafi a zangon, aka hana ni ajin kimiyya. Sai bayan shekaru na danna π a kalkuleta na ga 1436.76. Ashe tawa ta fi tasa kusa da gaskiya.

Maman Biyu: Kai, Allah Ya isa. Irin wannan ne ke sa yaro ya tsani darasi har abada.

Tsohon Alli: Ɗana, abin da aka yi maka a ofis bai dace ba. Amma ka tuna da kyau, ba a rubuta "ka ɗauki π a matsayin 22/7" a saman takardar ba? Duk inda ka ga 7, 14 ko 21 a tambaya, an saka ne don 7 ɗin ƙasa ya tafi. Ai tambayar da kanta ta faɗa maka.

Ɗan Bencin Baya: Baba, ba a rubuta ba. Takardar tana nan a akwatina.

Mai Tsokana: Mutum ya ajiye takardar da ya ci sifili kamar takardar gado. Ɗan'uwa ka sa mata firam mana.

Ɗalibin Jami'a: Ni abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake koya wa yara cewa π daidai yake da 22/7. Ba daidai ba ne. 22/7 shi ne 3.142857, π kuwa 3.141592 ne ya ci gaba ba iyaka. Shi kansa Arkimidis, masanin lissafi na Girka ta dā, da ya fito da lambar, cewa ya yi π yana tsakanin 223/71 da 22/7, bayan ya matse da'ira ciki da waje da siffa mai gefe 96. Zu Chongzhi na ƙasar Sin ya kawo 355/113 tun ƙarni na 5, ta yi daidai har gurbi shida bayan ɗigo. Wani masanin lissafi mai suna Lambert kuma ya tabbatar a 1761 cewa babu wasu cikakkun lambobi biyu da za ka raba ka samu π cif.

Tsohon Alli: To mun gode da lacca. Malama darasi huɗu ta ce tana da su, ba zango huɗu ba. Wanda bai taɓa tsayawa gaban yara ba ya bari waɗanda suka sha ƙurar alli su yi magana.

Injiniya: Da girmamawa Malam, mu ne muke karɓar waɗanda kuka sa suka haddace. An taɓa turo min wani ya auna tanki mai siffar ƙwallo, aka ce a ninka dayamitarsa biyu, ya ce ruwan da zai ci ma ninki biyu ne. Ninki takwas ne, fentin da za a shafa masa kuma ninki huɗu. Fomular tana bakinsa tsaf, bai san me ƙaramin 3 ɗin da ke kan r yake yi ba. Malama, ko ba ki yi komai ba ki yi wannan: ki sami gwangwanin da ƙwallo ke shiga cif, tsayinsu ɗaya, ki cika da ruwa, ki danna ƙwallon ciki. Kashi biyu cikin uku zai zube. Gwangwanin yana cin 2πr³, biyu bisa ukunsa 4/3πr³ ke nan. Arkimidis ya ji daɗin wannan har ya ce a zana ƙwallo cikin silinda, wato siffar gwangwani, a kan kabarinsa.

Mai Tsokana: Ni a kan nawa a rubuta "ya manta bai raba dayamita biyu ba".

Malama Ta Biyu: Na gwada na ruwan nan bara. Gwangwanin ya fi ƙwallon tsawo kaɗan, ruwan da ya zube bai kai ba, wani yaro ya ce to ashe fomular ƙarya ce. Na ƙare da jiƙaƙƙen rajista. Abin da ya yi min aiki ƙaramin abu ne: kafin su taɓa lamba sai su faɗa min, igiya za mu auna, fenti za mu shafa, ko ruwa za mu zuba? Igiya r ɗaya, fenti r², ruwa r³. Yarinyar da ta kawo miki kubik nan ne ta ɓata.

Ɗan Bencin Baya: Duk wannan mai kyau ne, amma in yaro ya gane kuma mai maki ya duba layin ƙarshe kawai fa? Ina makin aiki? Fomula daidai, saka lamba daidai, a ce duk banza?

Tsohon Alli: Akwai makin hanya, ni ina bayarwa. Amma ka zauna da takarda ɗari biyu a ce gobe da safe ake son sakamako, sannan ka zo mu yi magana.

Maman Biyu: Ai shi ne. Mu ko takardun ba a dawo mana da su. Lamba kawai za ka gani a kati, ka tambaya a ce an kulle su a sito. Ɗan Bencin Baya ma ya yi sa'a da ya ga sifilinsa da idonsa.

Sabuwar Malama: Na gode ƙwarai, ina ta karantawa. Na igiya da fenti da ruwa zan gwada gobe. Amma har yanzu ban san ko in ba da darasi biyun ba, kuma yanzu kun sa na je na duba tambayoyin da na shirya, ban rubuta wane π za su ɗauka ba.

Malama Ta Biyu: Ku a wajenku malami ne ke riƙe takardun bayan maki ko ofis? Mu sun karɓe namu tun zangon farko, har yau ban sake ganinsu ba.