Fitsari ya hana Baba barci: wa ya san wannan lalura?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya haura sittin, kullum dare yana zarya tsakanin ɗaki da bayan gida. Fitsarin sai ya yi yunƙuri, ya fito siriri, bayan ya yi tsarki kuma ya ɗiga a wando, sai ya sake alwala. Likita ya ce kumburin furostet ne, wata 'yar tsoka da maza ke da ita a ƙarƙashin mafitsara. Baba ya kafe sanyi ne. Wa ya taɓa gani?

Tsohon direba, Gusau: Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ma sanyi na ɗauka. Na yi ta shan jiƙe-jiƙen masu lasifika a tasha, har ranar da fitsarin ya tsaya cak, marata ta kumbura, ina gumi ina salati. A asibiti aka sa mini robar fitar da fitsari, nan take na ji kamar an sauke mini buhun masara. Yanzu tamsulosin nake sha. Ya buɗe hanya, amma da farko in na miƙe da sauri sai jiri ya ɗebe ni.

Ma'aikaciyar jinya, Zariya: Furostet tana ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye bututun fitsari. Shekaru da sinadaran jikin namiji ke sa ta girma har ta matse bututun. Kusan rabin maza masu shekara 51 zuwa 60 suna da wannan lalurar. Ba cutar kansa (daji) ba ce, amma alamunsu na iya kama, shi ya sa ake gwajin jini na PSA, likita kuma ya duba da yatsa ta dubura. Nan dattawanmu ke tirjewa, alhali abin minti ɗaya ne. In fitsari ya daɗe yana taruwa, ƙoda ke jin jiki.

Wata uwargida, Maraɗi: Maigidana finasteride aka ba shi. Ku yi haƙuri da maganin, sai ya kai wata shida kafin a ga amfaninsa sosai. Yana rage sha'awa ga wasu, gara a sani tun wuri kada a zargi kishiya! Mun kuma daina shayi bayan Isha'i.

Malamin makaranta mai ritaya: Ni magani bai yi mini ba, aiki aka yi. Ta bututun fitsari aka shiga aka kankare, ba a tsaga ciki ba. Sai a kiyayi maganin mura na kemis, wasu na riƙe fitsari.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Baba direba, ko za ka yarda in haɗa ku a waya? Maganar tsaransa ya fi ji.