Neman shawara: Baba na da hawan jini, me za mu gyara a girkinmu na gida?

Wata 'yar uwa daga Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu shekarunsa 58, an auna jininsa an samu 160/100. Likita ya ɗora shi a kan magani, ya ce a rage gishiri da mai, domin yayansa ma ciwon zuciya ne ajalinsa. Baba kuwa daga tuwo da miya sai kunu da ƙosai da safe, da dare a sayo tsire. Ya ce shi ba zai ci abincin asibiti ba. Don Allah masu sani, me za mu cire, me za mu bari?

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ki bar masa tuwonsa, gyaran yana cikin tukunyar miya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da yaji da magi. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Idan kika zuba babban cokali ɗaya na gishiri da ƙananan dunƙule huɗu a miyar mutum shida, kowa ya sha kusan giram 4 a zama ɗaya, ga na safe da na rana ba a lissafa ba. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru a jijiyoyi, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi har ta gaji.

Kar ki yanke lokaci ɗaya, zai ture kwanon ne. Ki rage kashi ɗaya cikin huɗu duk mako, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Gurbinsa ki cike da daddawa, albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, masoro da busasshen kifi. Amma ki kula, daddawar da ake sayarwa a jiƙe a kasuwannin nan sau da yawa an barbaɗa mata gishiri don kar ta lalace, sai an ɗauraye ta. Kuma duk gidan ku ci tukunya ɗaya. Dattijon da aka ware wa tasa miyar ba ya jurewa.

Mai ba da shawara kan abinci, Mushin:
Hajiya ta gama magana a kan gishiri, saura kanwa, wadda ita aka fi mantawa. Sinadarin da ke tayar da jini a gishiri, wato sodiyam, shi ne ya cika kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Saboda haka kunun kanwa ya fita daga gidan nan gaba ɗaya, a koma kunun tsamiya ko koko, sukari ƙaramin cokali ɗaya. Wake a jiƙa shi tun dare, zai nuna ba kanwa. Kuɓewa a goga ta da laushi, a bar tukunya a buɗe, minti biyar zuwa bakwai a sauke, za ta yi yauƙi da kanta.

Tuwon dawa da na gero da acca sun fi na farar shinkafa da na semo, musamman in ba a yi wa hatsin surfe mai yawa ba, don a dusar nan amfanin yake. Malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunsa ta isa, miyar ta fi tuwon yawa. Ganye da 'ya'yan itace ana son giram 400 a yini. A kasuwar Mile 12 ba abin da babu: alayyafo, lalo, ugu, kabeji, yalo, gwanda, lemo. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuliƙuli kaɗan ma yana cikin lissafin.

Wani ɗan uwa daga Alaba Rago:
Maganar mai. Manja kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, man shanu ma ya fi shi. A koma man gyaɗa, shi ma da awo, babban cokali uku ya ishi miyar mutum shida. In mai ya taso yana yawo a saman miya, ya yi yawa. Ƙosan bakin titi da man da aka yi ta maimaita suya da shi ake yi, gara alale a gida. Tsire sau ɗaya a mako, tsoka zalla, ban da tozo da kayan ciki, kuma a ce wa mai nama kar ya ƙara yaji. Kilishi a haƙura da shi. Kifin taitus ko shawa sau biyu a mako, a dafa ko a gasa.

'Yar uwar Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To zoɓo fa? An ce yana sauke jini. Kuma wani ya ce mu sayi gishirin masu hawan jini.

Mai harhaɗa magunguna, Obalende:
Zoɓo yana ɗan sauke jini, amma ba ya maye gurbin magani. Kofi ɗaya a yini, ba sukari, kuma a gaya wa likitansa yana sha.

Gishirin nan kuwa ki dakata. Wani sinadari ne mai suna fotasiyam a cikinsa. Idan Baba yana shan maganin hawan jini irin su lisinopril, losartan ko spironolactone, ko ƙodarsa ta yi rauni, fotasiyam zai taru a jini ya rikita bugun zuciya, kuma hakan na iya kisa. Ki duba sunan maganin a kwali, ki tambayi likita, a yi gwajin ƙoda kafin ku saya. Haka maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, suna tayar da jini, kar ya riƙa sayensu a kemis.

Ku sayi na'urar awo ta damtse. Ya zauna minti biyar kafin a auna, safe da yamma, a rubuta a littafi a tafi da shi asibiti. Ko jinin ya sauka ƙasa da 140/90 kar ya daina magani da kansa. In ya ji nauyi a ƙirji, numfashi ya yi masa wuya, ko baki ya karkace, ku kai shi asibiti a take, komai cunkoson hanya.