Nostalji da Hausa me ke nan? Wani tsohon kaset ne ya jawo tambayar

Salamu alaikum ƴan uwa. Wata kalma ce ta tsaya mini a wuya yau kwana uku ke nan, na ce bari in kawo ta nan mu sa kai tare. Kalmar nostalgie ce ta Faransanci, wadda mu ƴan lakwal muke cewa nostalji. Me za mu kira ta da Hausa? Amma ku bari in fara faɗa muku mafarin zancen, don na san in na tambaya haka kawai kowa zai ce "kewa" ya wuce, ni kuma kewa ita kaɗai ba ta cika mini ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na shiga Birni gaida Inna, sai na tarar an fiddo kayan ɗakin baya duka an zube a tsakar gida saboda za a yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Cikin kayan akwai wani kwalin sabulu da aka ɗaure da tsumman atamfa. Inna ta ce "ɗauki kayanka ka tafi da su, shekara nawa ina jan su daga wannan lungu zuwa wancan." Na kwance. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Kaset uku na wasan tele masu ruwan ɗorawa, manet biyu, wato abin da ake riƙewa a hannu a buga wasan, ɗaya an naɗe wayarsa da leda an ƙona bakin da ashana, bindigar roba ta harbin agwagwa, injin ɗin kansa, sai disket biyar a ƙasa, ɗaya an rubuta PRINCE a jikinsa da bik shuɗi. Rubutun Yaya ne, Allah ya jiƙansa. Na zauna a kan tabarma, ban san lokacin da na kai kaset ɗin baki na hura ba, kamar yadda muke yi in hoto ya ƙi fitowa.

Ƴan baya ba za su gane injin ɗin ba sai an yi musu bayani. Kawu ne ya kawo mana shi daga Kano wajen ƙarshen shekarun 1990, kilabiye ne kamar na kwamfuta amma da rami a sama inda ake cusa kaset, a jona shi da tele ta wayar eriya a yi ta murɗa tasha har hoto ya tsaya. Mu dai kwamfuta muke ce masa kuma duk unguwa haka ake ce masa. Sai da na girma na gane cewa kwaikwayon Famicom ne, injin da Nintendo ya fitar a Japan a 1983, aka yi ta buga irinsa a Sin ana kawowa kasuwanninmu da arha. A jikin kaset an rubuta wasa 9999999 a cikin guda, in ka shiga kuwa ba su wuce goma sha wani abu ba, sauran maimaici ne da aka sauya wa suna. Ba mu damu ba. Akwai Super Mario Bros. na 1985, akwai Contra, akwai wasan tankoki wanda sunansa na ainihi Battle City, inda ake da mikiya a ƙasan allo an kewaye ta da bulo, ku biyu kuna tsaron ta. Yaya ne ke fita farauta sama ni kuma in tsaya gadi kusa da mikiya, in na yi kuskure na harbe bulon gidanmu sai ya ce "ƙane, kai ma abokin gaba ne?" mu fashe da dariya har Baba ya ɗaga murya daga zaure.

Kwamfuta ta gaskiya kuwa gidan wani maƙwabcinmu muka fara taɓa ta, tsohuwa ce da aka sallama daga wurin aikinsa ya kawo gida. Allo baƙi ƙirin babu hoto ko ɗaya, sai ka rubuta sunan wasan da hannunka sannan ya buɗe. Nan muka san Prince of Persia. Wasan 1989 ne, wani Ba'amurke Jordan Mechner ya yi shi, ya ɗauki ƙanensa a bidiyo yana gudu yana tsalle sannan ya bi hoton ɗaya bayan ɗaya ya zana, shi ya sa tafiyar yariman take kamar ta mutum. Minti 60 aka ba ka ka fita daga kurkuku ka ceto gimbiya, ga ƙusoshi na fitowa daga ƙasa, ga daɓe na ruftawa ƙarƙashin ƙafarka, ga ƙwarangwal mai takobi a mataki na uku da ba ya mutuwa sai ka tura shi rami. Mu kuma ga namu agogon daban, don ba ka san lokacin da za a ɗauke kuran ba. Duk wasan nan a disket guda yake, mai ɗaukar mega 1.44, yau hoto ɗaya na salula ya fi shi nauyi.

Na san a Turai nasu injunan daban ne. Ingila suna da ZX Spectrum na 1982, Amurka ta fitar da Commodore 64 a wannan shekarar, Faransawa kuma suka rungumi Amstrad CPC 464 na 1984 wanda ake sa masa kaset irin na rediyo a zauna ana jira mintoci kafin wasa ya hau. Yaran wancan lokacin yanzu sun yi furfura, suna bin kasuwannin tsofaffin kaya suna saye suna adanawa, har abin ya zama ciniki babba: a 2021 an sayar da kaset ɗin Super Mario 64 da ba a taɓa buɗewa ba dala miliyan 1.56 ta Amurka, bayan wata guda wani na Super Mario Bros. ya kai miliyan 2. Nawa kwaikwayo ne, in na kai Kasuwar Dole ko dala ashirin ta sefa ba lalle a taya ba, kuma ko an taya jika ɗari ba zan sayar ba. Su suna da kalmomin da suke faɗar wannan abin da su. Mu da muka ji irin abin da suka ji, da me za mu faɗe shi?

Na bi asalin kalmar. Wani ɗalibin likitanci ne, Johannes Hofer, ya ƙirƙiro ta a 1688 a Basel ta ƙasar Suwis, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, nostos wato komawa gida, da algos wato ciwo. A wurinsa cuta ce da ke kama wanda ya bar garinsu har ya rame ya kwanta. Wannan kam muna da ita, kewar gida ce, duk ɗan ci-ranin da ya yi azumi a Agadas ko Libiya ko Legas ya san ta ba sai an fassara masa ba. Amma daga baya ma'anar ta gusa, ta tashi daga wuri ta koma lokaci. Gida in ka tara kuɗin mota za ka koma. Ni kuma a cikin gidan nake zaune, a kan tabarmar Inna, abin ya kama ni.

To ga abin da aka kawo tun da na fara wannan tambayar, daga fadarmu wajen shayi da kuma nan intanet, na gode wa kowa.

Masu cewa kewa sun fi yawa. Matsalata da ita, kewa tana son abin ya zama ba ya nan, kana kewar wanda ya yi tafiya, ran da ya dawo kewa ta ƙare. Kaset ɗin nan ya dawo hannuna, maimakon abin ya ragu sai ya ƙaru. Wani ƙanena ya ce marmari. Marmari na tuwon gero ne da miyar kuka in ka daɗe ba ka ci ba, kana ci ya wuce. Ina da Mario a cikin salula yanzu haka, in marmari ya taso in buga minti biyar in ajiye, amma wancan abin yana nan daram bai motsa ba. Tuna baya kuma aikin kai ne, kana iya tuna baya ka tuno bashi ko dukan da ka sha a lakwal, ba dole zuciya ta yi laushi ba, ga shi kuma kunne na jin ta sai ya tafi wajen maroƙa.

Bege ita ce ta fi kusa, don akwai daɗi da zafi a haɗe a cikinta, kuma na kwana ina juya "begen jiya" a bakina yana mini daɗi. Sai wani Malam da nake girmamawa ya rubuto mini cewa a nan Damagaram in aka ce bege zuciya begen Manzon Allah (SAW) take fara tafiya, bai ga dacewar a jawo kalmar zuwa wasan yara ba. Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara. Na san ana cewa begen masoyi ma, amma ni ma da na sake faɗa a fili, "begen Contra", sai na ji nauyi a harshena.

Abin da ya warware mini zancen ba daga intanet ya zo ba. Jiya da dare ina ba maiɗakina labari sai ta ce, "to ai Inna ta riga ta faɗa maka, kai ne ba ka ji ba." Kuma gaskiya ne. Ranar da nake zaune da disket ɗin a hannu na yi shiru, Inna ta dube ni ta ce, "ƙawazucin ɗan uwanka ne ya taso maka, yi masa addu'a." Ƙawazuci. Kalmar tsofaffi ce, mu mun bar ta ta kwanta. Ba ta buƙatar a ce abin zai dawo, ba ta ƙarewa don ka riƙe wani guntun abin a hannu, kuma zuci na nan a cikinta ƙarara. Abin da ya rage a nuna cewa lokaci ake nufi ba mutum ɗaya ba. Na so in ce ƙawazucin da, wato zamanin da, amma a rubuce "da" ɗin nan zai rikita mai karatu ya yi ta jiran ƙawazucin da wa. Shi ya sa na tsaya a kan ƙawazucin jiya. Ku gwada a baki: kiɗan farkon Mario yana tada mini ƙawazucin jiya. Ƙawazucin jiya ne ya sa ya sayi tsohuwar kwamfuta. Ni dai ya zauna mini.

Wanda zai ce ta yi tsawo, nostalji ta fi saurin rubutawa, ɗan uwa haka ne, amma karanta wa kakarka su biyun ka ga wadda za ta gyaɗa wa kai.

Daga nan kalma ta biyu, retro, wadda ake kiran irin waɗannan tsofaffin wasanni da ita, ta zo da sauƙi, wasannin jiya. Ban yarda da tsohon yayi ba don akwai raini a ciki, gwanjo kuma zancen ciniki ne.

Saura ta uku, kuma a nan nake son bakinku sosai, wato abin da Faransawa ke ce wa collection, tattara kaya iri ɗaya don sha'awa, da mai yin sa. Tari ba ta yi ba, in ka ce mai tari za a ce Allah ya sawwaƙe a nuna maka farmasi. An kawo taska, an kawo ajiya, duka suna da kyau sai dai abin ɓoyewa ne a rufe, masu wannan harkar kuwa so suke a gani. Wata Hajiya ce ta rubuto kalma ɗaya tak: jere. Hajiya, Allah ya saka da alheri, tun da na karanta nake tunanin ɗakin Inna. Kwalla da samira da tasoshi tun daga ƙasa har kusa da rufi, manya a ƙasa ƙanana a sama, ba a cin abinci a cikinsu, duk bayan kwana biyu a sauke a goge ƙurar hunturu a mayar, kuma kowanne ta san wanda ya kawo mata shi da bikin da aka kawo shi, in ɗaya ya ɓace ko cikin duhu za ta gane gurbinsa. In wannan ba shi ne abin da mai tara kaset yake yi da kantarsa ba to ban san mene ne ba. Wasu maza sun ce jere na amare ne ba za su ce suna da jere ba. Ni ban ga aibu ba, iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan sana'ar shekaru aru-aru, in mun ari kalmarsu girma muka ba ta. Jeren wasannin jiya, mai jere. Amma ban rufe ƙofa ba, masu taska ku kawo hujja.

Na riga na kai wa kafinta awon ƴar kanta mai hawa uku. Kaset ɗin na goge bakinsu da auduga da alkol, don hurawar nan da muka saba danshin baki ne ke sa ƙarfen ya yi tsatsa, kar ku ƙara yi. Mai gyaran rediyo ya ce injin ɗin da rai, adafta ce kawai ta ƙone, zai nemo mini. Abin da na rasa tele ce irin ta da mai ƙeya, domin bindigar agwagwa ba ta aiki da faifan tele na yanzu, da hasken tsohon gilashin take gane inda ka auna. Duk wanda ke da ita ajiye a Zango ko Sabon Gari ko Garin Malam, ko ƙarama ce mai inci 14, ya yi mini magana zan zo da kabu-kabu in ɗauka. Ɗan Yaya shekararsa tara bana, bai taɓa ganin wasan tankokin nan ba, ina so ran Asabar in ba shi manet ɗin babansa ni in tsaya gadin mikiya.