Karen gadi bakinsa ya bushe, a ba shi maganin Hajiya?

Nura: Salamu alaikum jama'a. Karen gadin gidanmu bakinsa ya bushe, yawun ya yi kauri, ba ya haɗiyar tuwo sai an jiƙa. Hajiyarmu na da ragowar pilocarpine, maganin bushewar baki, da aka rubuta mata bayan an gasa mata ciwon daji a wuya. In ɓallo masa rabi?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Fara duba ruwan jikinsa tukun. Ja fatar bayan wuyansa ka saki, in ta daɗe ba ta koma ba, ruwa ne ya ƙare masa.

Dakta Hauwa: Nura, ka bar wa Hajiya maganinta don Allah. Pilocarpine ba ya ƙara ruwa a jiki, tsikarar jijiyoyin da ke sa a tsatso yawu yake yi. Kuma ba a baki kaɗai yake tsayawa ba, yana taɓa ido, hanji, har zuciya. Ƙwayar miligiram 5 ɗin nan don babban mutum aka auna ta. In ta yi wa kare yawa, sai dalala, amai, zawo, bugun zuciya ya ragu, mu koma neman atropine mu karya ta.

Nura: To ai mu ma muna ba karnuka maganin mutane, Dakta.

Dakta Hauwa: Wasu, da awo. Ɗauki cevimeline, ɗan uwan pilocarpine da Amurka ta amince da shi a 2000. Hantar mutum na juya mafi yawansa ta wata hanya, kare kuma yakan mayar da shi wani sinadari mai suna N-oxide, wanda a jikin mutum ɗan kaɗan ne kawai. Magani ɗaya, hanya daban, shi ya sa lissafin nauyin jiki kaɗai ba ya isa. Abin da mutum da kare suka haɗu a kai shi ne maganin na fita ta fitsari, haka ma pilocarpine. Nan ne damuwata: ciwon ƙoda kansa na busar da baki. In ƙodar ce ta gaza, kun ɗora mata ƙarin nauyi.

Mu kan ba kare pilocarpine, amma galibi don bushewar ido ta matsalar jijiya, wadda hancin ɓangaren idon ma yakan bushe. Na ɗigawa a ido muke sawa a abinci, ɗigo-ɗigo, muna sa ido.

Maman Khalil: Ni fa da cewa zan yi a sayo masa abin fesawa a baki na kemis, tunda ba a haɗiya.

Dakta Hauwa: Yaya, kare zai lashe ya haɗiye. Da yawa cikin irin waɗannan, da cingam da alewar bushewar baki, akwai xylitol, wani sinadarin zaƙi. Mutum galibi ba ya cutuwa da shi, amma kare jikinsa na sakin insulin da yawa, sukari ya faɗi cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, wani har hanta ta lalace. Ku riƙa karanta kwali.

Malam Bala: Kafin nan ci gaba da jiƙa abincin da romo marar albasa, ruwa mai sanyi a inuwa.

Nura: Na gode. Ina Samaru ne, ina zan nufa?

Dakta Hauwa: Asibitin koyarwa na dabbobi na ABU na kusa da kai. Ce a gwada ƙoda da sukari, ka kuma faɗa musu duk maganin da ya sha kwanan nan.