Haɗa sitenles da ƙarfen kurom-moli a walda: me kuka gani?

Daga Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Bututun sitenles 304 ne za a haɗa da bututun P11, ƙarfe mai sinadarin kurom 1.25 cikin ɗari da sinadarin moli (molybdenum) 0.5. Yaran warsha sun yi da sandar walda mai lamba 308L, ɗinkin, wato layin waldar, ya tsage. Kowa ya faɗi abin da ya sani, Allah ya saka.

Daga Yanbu: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ga laifin yaran, laifin sanda ne. Idan ana walda, ba sanda kaɗai ke narkewa ba, kusan kashi 30 na narkakken ƙarfen daga bututan biyu yake fitowa, rabi nan rabi can. 308L tana da kurom wajen 20 cikin ɗari da nikel 10. Da P11 ya shiga ciki sai ya tsinka ta kamar an ƙara wa kunu ruwa, kurom ya sauka kusan 17, nikel 8. A nan ne ɗinki ke yin tauri marar juriya, ko ya tsage tun bai huce ba. Ka nemi 309L, mai kurom wajen 24 da nikel 13. Bayan gaurayar za ka samu kusan 20 da 10, wato daidai inda ake so. Kuma a riƙe wuta ƙasa: sanda mai milimita 3.2, amfiya 80 zuwa 110 ta isa. Ɗinki siriri, ba a yawo da hannu hagu da dama. Duk ƙarin wuta, ƙarin gauraya ne.

Daga Jubail: Gaskiya ne, amma Alhaji a fara tambaya: bututun nan zafin nawa zai ɗauka a bakin aiki? Idan zai wuce digiri 315 a ma'aunin Celsius, a ajiye 309L. Dalili biyu ne. Kabon yakan bar P11 a hankali ya koma wajen da kurom ya fi yawa, sai gefen ɗinkin ya yi laushi. Sannan sitenles ya fi P11 buɗewa da zafi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Yau a kunna, gobe a kashe, suna ta ja-in-ja har bakin ɗinkin ya rabu ta ɓangaren P11. Maganinsa waya mai nikel: ERNiCr-3 idan da iskar argon ake waldar, ENiCrFe-3 idan sanda ce. Tana da tsada, amma ta fi a sake yanka bututu arha.

Abin da ya fi damuna shi ne gasa ƙarfen. Kaurin P11 na iya sa a buƙaci gasa shi bayan walda, wajen digiri 700. Sitenles kuwa ba ya son zama tsakanin 425 da 850, kurom ɗinsa kan haɗe da kabon, daga baya tsatsa ta ci shi ta ciki. Don haka a shafe bakin P11 shi kaɗai da shimfiɗar waldar nikel, aƙalla sau biyu, a gasa shi, a gyara bakin, sannan a haɗa da sitenles ba tare da wani gashi ba.

Daga Makka: A ɗumama P11 kafin a fara, wajen digiri 150, ko abin da takardar aikin ta ce. Shi kaɗai, ban da sitenles. Tsakanin ɗinki da ɗinki kuma kada zafi ya wuce 175.

Daga Dammam: Wani abu da ke ruɗa sabon hannu: P11 na kama maganaɗisu, 304 ba ya kamawa, sai ka ga wuta tana karkata gefe guda. A gajarta tsakanin sanda da ƙarfe, a gyara wurin da aka maƙala wayar ƙasa. Ɗinkin farko a cika cikin bututun da argon, in ba haka ba cikin ya fito baƙi ƙirin, yana ɓarɓashi kamar ƙonannen sukari. Burushi da faifan goga na sitenles su zama daban. Faifan da ya taɓa baƙin ƙarfe, idan ya bi ta kan sitenles, a iskar teku irin ta Jidda 'yan kwanaki kaɗan za ka ga ɗigon tsatsa ja. Don Allah kuma kada kowa ya ja 7018, sandar waldar baƙin ƙarfe, a nan don ita ce a kusa.

Daga Yanbu: Na manta gwajin neman tsaga. Na maganaɗisu ba ya aiki a kan wannan ɗinkin. A yi na jan ruwa: a goge, a fesa jan ruwan, a jira minti goma, a share, a fesa farin maganin da ke fito da shi. Tsaga za ta fito ja.

Daga Jidda: Na gode ƙwarai. Layin tururi ne mai digiri 400, ke nan nikel za mu nema. Tsohon ɗinkin kuma za a yanke shi gaba ɗaya, ba za a rufe shi da sabo ba.