Jirginmu ya hau tudu a Panama: me za mu kira abin da ya ɗaga shi?

1/
Jama'a, assalamu alaikum. Ku taya ni zama a kan yadda za mu faɗi kalmomin Turanci uku da Hausa, "cruise" da "canal" da "lock", ko da yake ta ƙarshen ce ta fi hana ni sukuni. Makon jiya na je Yawuri gaida kawuna, mutumin da ya tsufa yana fito a kogin Kwara. Ya ce in ba shi labarin tafiyar da na yi ta ruwa daga Panama zuwa Kosta Rika. Ina buɗe baki sai Turanci ya yi ta zubowa. Ga wanda ya fi ni sanin ruwa nesa ba kusa ba, ga ni na kasa gaya masa abin da idona ya gani. Abin ya yi mini ciwo.

2/
Jirgin ƙarami ne, fasinjoji ba mu kai 100 ba, ba irin manyan nan masu ɗaukar dubban mutane ba. Amfanin ƙanƙantarsa shi ne yana kutsawa inda manya ba sa iya zuwa. Daga Kolon muka tashi, a gaɓar Atlantika. Muka leƙa tsibiran Guna Yala, inda matan Guna ke ɗinka adon ƙyalle kan ƙyalle da suke kira mola. Muka dawo muka ratsa ƙasar Panama ta ruwa, muka ɓulla tekun Pasifik. Sai tsibirin Koiba, sai Golfo Dulce a Kosta Rika, muka sauka a Kaldera.

3/
Kalma ta farko ita ce "cruise", kuma ba za ta ci mana lokaci ba. Yawon buɗe ido ya yi faɗi, don wanda ya shiga mota ya tafi Yankari ma shi ya yi. Balaguro yana da inda aka nufa. Rangadi ya kusa, tunda ana bi gari-gari, sai dai rangadi na mai mulki ne, aiki ne. Ni na tsaya a kan kilisa. Wanda ya ɗaura wa doki sirdi da la'asar ya fita kilisa ba saƙo zai kai ba, hawan shi ne buƙatar. To haka wannan tafiya take. Sai mu ce kilisar teku, jirgin kuma jirgin kilisa. Na san kilisar doki ba ta kwana, wannan kuwa ta haura mako, amma niyyar ɗaya ce.

Garuruwan da ake tsayawa a hanya kuwa, fatake sun riga sun gama mana aiki: zango. Mun ya da zango a Koiba. Ban ga abin ƙari ba.

4/
Ta biyu, "canal". Kafafen labarai sun saba cewa mashigin Suez, mashigin Panama, su kuma ce mashigin Hormuz da mashigin Bab al-Mandab. A nan nake da ja. Hormuz halittar Allah ce, matsatsi ne tsakanin ƙasa da ƙasa. Suez da Panama kuwa hannu ne ya yi su. Bambancin ba na ƙawa ba ne. Abin da aka haƙa yana da mai shi, yana da kuɗin fito, ana iya rigima a kan wa zai riƙe shi. Shi ya sa aka yi yaƙi a 1956 lokacin da shugaban Masar Gamal Abdel Nasser ya mayar da Suez hannun ƙasarsa. Shi ya sa jagoran Panama Omar Torrijos da shugaban Amurka Jimmy Carter suka sa hannu a yarjejeniyar 1977, har Amurka ta miƙa wa Panama nata ranar 31 ga Disamba 1999. Mai sauraron rediyo ya cancanci ya ji wannan bambanci tun daga sunan.

5/
Magudana da lambatu ba su yi ba, ruwan datti suke kawowa a zuciya. Manoman rani na Kadawa da Kura suna cewa kanal, kuma ban ga dalilin ƙwace musu ita ba, ta zauna a bakinsu, ta ban ruwan gona ce. Amma hanyar da jirgin teku ke bi, ina ganin ginannen mashigi ya fi. Ku duba "gina" a Hausa: ana gina gida, ana kuma gina rijiya. Har karin magana ta ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Kalma ɗaya ta haɗa haƙa da gini, kuma su biyun aka yi a Panama.

Akwai wani dalilin da ya sa nake son "ginanne". Tana tuna mana akwai maginan. Faransawa suka fara haƙa mashigin Panama a 1881 ƙarƙashin Ferdinand de Lesseps, wanda ya buɗe Suez a 1869. Zazzaɓin shawara da na cizon sauro da zaftarewar ƙasa suka karya su, kamfanin ya durƙushe a 1889 bayan mutuwar mutane wajen 20,000. Amurka ta ɗauki aikin a 1904, aka buɗe ranar 15 ga Agusta 1914. Mafi yawan waɗanda suka riƙe diga da shebur baƙar fata ne daga tsibiran Karibiyan, musamman Barbados. Da muke ratsa yankan Kulebra, inda aka tsaga dutse tsawon kusan kilomita 13, su na yi ta tunawa.

6/
Yanzu ga wadda ta kawo ni: "lock". Sifaniyawa na cewa esclusa, Faransawa écluse. Bari in faɗi abin da yake tukuna, don ba a raɗa wa jariri suna ba a gan shi ba.

Suez shimfiɗe take daidai da teku, jirgi ya shiga ya fita kawai. De Lesseps ya so ya maimaita haka a Panama, ƙasar ta ƙi. Sai Amurkawa suka sauya dabara: maimakon a sauke ƙasa, a ɗaga jirgi. Suka datse kogin Chagres, ruwa ya taru ya zama tafkin Gatun, mita 26 sama da teku. Dole jirgi ya hau wannan tudu, ya ratsa tafkin, ya sauka ta ɗaya gefen. Hawa uku a Gatun, sauka ɗaya a Pedro Miguel, sauka biyu a Miraflores. Tafiyar duka kusan kilomita 80, awa 8 zuwa 10.

7/
Da magariba muka shiga, a bayan wani jirgin kaya, don ƙanana irin namu akan haɗa su da wani a wuri ɗaya. Wurin dogon ɗaki ne na kankare marar rufi, faɗinsa mita 33 da rabi, tsawonsa ya ɗan haura mita 300. Bango dama, bango hagu, jiƙaƙƙu, sun fi mu tsawo. Sai wasu ƙyamaren ƙarfe biyu suka taho a hankali ta bayanmu suka haɗe. A gabanmu ma wasu ne a rufe. Babu ƙarar famfo, don babu famfon. Ruwan tafkin ne ke gangarowa da nauyinsa ta manyan hanyoyi a cikin bangon, ya ɓuɓɓugo ta ramuka a ƙasan ɗakin. Ban ji jirgi ya motsa ba. Bangon na ga yana nutsewa. Cikin kamar minti goma, mutumin da nake ɗaga kai in kalla a kan bango ya dawo daidai idona. Sai ƙyamaren gaba suka buɗe, muka shiga ɗaki na biyu.

8/
To me sunansa? Na ga an fassara shi da makulli, har da kwaɗo. Wannan bin kalma ne a bar ma'ana, Bahaushe zai ɗauka an garƙame hanya. Madatsa ma ba ta yi ba: madatsa tare hanya take, wannan kuwa hanyar ce da kanta. Matakala ta ɗan ja hankalina, don a Gatun uku ne a jere. Amma a Pedro Miguel guda ɗaya ne tak, kuma taki ɗaya ba ya zama matakala. Tanki kuma ba shi da ƙofa.

9/
A wannan ruɗani nake a gaban Kawu. Na sauko daga tabarma na zana masa a ƙasa da tsinke: ga bango, ga ƙofar baya, ga ta gaba. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Dakata, ɗana. Ƙofa gaba, ƙofa baya, kuma ba ka wucewa ciki sai ka tsaya an yi maka iso?"

Na ce, "Haka ne, Kawu."

Ya ce, "Wanga ai zaure na."

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Zauren ruwa.

10/
Tun daga ranar nake juya ta, kuma kullum ƙara zama take. Zaure ba wurin kwana ba ne, tsakani ne, ba waje ba kuma ba cikin gida ba. Ƙofa biyu gare shi. Baƙo ba ya ratsa shi a guje, sai ya dakata an ba shi izini. A babban gida kuma zaure kan bi zaure kafin a kai tsakar gida, kamar yadda Gatun ke da uku a jere. Jam'inta ma ba ta wahalar da harshe: zaurukan ruwa, zaurukan Gatun, zauren Pedro Miguel. Matakala kuma ba mu yar da ita ba, ta sami gurbinta: in zauruka suka jeru suna hawa, jerin nasu shi ne matakala.

11/
Na gwada ta a kan wasu abokai kafin in kawo nan, kuma an yi mini gyara biyu da ya kamata ku ji.

Wani Bakano ya ce su soro suke cewa. Gaskiya ne, kuma wanda ya ce soron ruwa ba zan ce ya yi kuskure ba. Sai dai a wurare da dama soro na nufin kowane ɗakin ƙasa mai rufin azara, wani wurin ma bene. Zaure kuwa daga Sakkwato har Damagaram ba ya rikita kowa. Don haka a rubutu na fi son zaure.

Gyara na biyu ya fi nauyi. Wata malama ta ce zaure ba ya ɗaga kowa, alhali ɗagawar ita ce dukan aikin. Na yarda da ita rabi. Amma suna ba ya ɗaukar dukan bayani. Da kakanninmu suka ga abin da ke gudu a kan dogo, sunan jirgin kogi suka ba shi suka ƙara "ƙasa", daga baya suka ƙara "sama". Ba su damu da cewa babu filafili ba. Aikatau ne zai ɗauki sauran: a cika zaure jirgi ya hau, a rage zaure jirgi ya sauka. Ruwan da ke cikin sunan shi ne mai ɗagawar.

12/
Wani ƙaramin abu da bai ba ni wahala ba. A kan bangon akwai kawunan jirgin ƙasa masu lantarki da ke tafiya a dogo, an ɗaura su da jirgi da igiyoyin ƙarfe. Mutanen wurin na kiransu mulas, wato alfadarai. A nan fassara kai tsaye ta wadatar, tunda su ma laƙabi suka yi. Abin lura kawai: babban aikin alfadaran shi ne riƙe jirgi a tsakiya kada ya gogi bango, jirgin da injinsa yake tafiya. Sababbin zaurukan da aka buɗe a watan Yuni 2016, Agua Clara da Cocolí, ba su da alfadarai, ƙananan jiragen ja ne ke wannan aiki.

13/
Abin da ya tabbatar mini kalmar ta yi shi ne tambayar da Kawu ya yi bayan ya samu sunan. Ya ce, "To ruwan da anka cika zauren da shi, in an rage, ina ya ka zuwa?" Teku yake tafiya. Kowane jirgi da ya ratsa tsofaffin zaurukan yana tafiya da kusan lita miliyan 200 na ruwan daɗi, daga tafkin da mutanen birnin Panama da Kolon ke sha. Shi ya sa da damina ta gaza a 2023, hukumar mashigin ta rage jiragen da ke wucewa daga kusan 36 a rana zuwa ƙasa da 25. Sababbin zaurukan suna da wuraren tara ruwa a gefe da ke maido da kashi 60 cikin 100, kamar randa a bakin zaure. Mutum bai taɓa ganin teku ba, amma da suna ya zauna masa, kai tsaye ya dira kan matsalar da ta fi damun masu mashigin.

Kuma ba don Panama kaɗai muke buƙatar kalmar ba. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968, wadda tafkinta ya kai har Yawuri, da irin wannan hanyar jirage aka gina ta.

14/
Jiya na kira Kawu a waya na karanta masa wannan, don in ji ko za ta wuce ba tare da bayani ba:

"Jirgin kilisa ya tashi daga Kolon ya shiga ginannen mashigin Panama da magariba. Ya biya kuɗin fito, ya hau zaurukan Gatun uku, alfadarai na riƙe da shi. Ya ratsa tafki, ya sauka ta zauren Pedro Miguel da zaurukan Miraflores, sannan ya ya da zango a Koiba."

Bai tsayar da ni ko sau ɗaya ba. Da na gama ya ce a gaida mutanen gida, sannan ya ce in zan dawo in taho masa da hoton ƙyamaren, yana son ya ga yadda suke haɗuwa ruwa bai tsiyaya ba.