Me za a sassaƙa a allon karrama Baba, tsohon sojan yaƙin Bama (ƙasar Burma, Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu?

Malam Sani: Kwamitin unguwarmu a Gangare, Jos, na son a rubuta "wanda aka ba lambar bajinta a yaƙin Bama". Hujjarsu tauraron Bama, wato lambar yaƙi ta Burma Star, da ke hannun Baba. Ban yarda ba. Duk wanda ya yi aiki a fagen Bama daga 11 ga Disamba 1941 zuwa 2 ga Satumba 1945 ya cancanci tauraron nan, har kuku. Ko suna ba a buga masa.

Hajiya Binta: Haba Malam. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma da ta kutsa kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944, kaya a ka suke ɗauka, abinci sai jirgin sama ya jefo. Ga zazzaɓi, ga sojan Jafan a ɓoye cikin kurmi. Wanda ya tsallake wannan ba jarumi ba ne?

Malam Sani: Jarumi ne, Hajiya, a rubuta haka. Amma "an ba shi lambar bajinta" zance ne na takarda, sai da shaida.

Alhaji Garba: Ana iya tabbatarwa. Lambar bajinta ta ƙananan sojoji, Military Medal, zagayayya ce ta azurfa, da suna da lambar soja a bakinta, kuma a lokacin ana shelarta a London Gazette, jaridar gwamnatin Birtaniya. A ɗauko takardar sallamarsa, a bi lambar soja, kada a bi suna. A lokacin akawun Turawa kan haɗa sunan mutum da garinsu, sai ka tarar da Musa Kano rututu. A kuma duba rundunarsa: in ta 82 ce, sai a Disambar 1944 ta shiga daga, rubuta "Kaladan 1944" zai zama kuskure.

Injiniya Dauda: Gaskiyar Alhaji, don abin da aka sassaƙa a dutse ba ya gyaruwa. Kuma kada a yi da tagulla, 'yan jari bola za su ɓalle ta. A samo baƙin dutse mai kaurin santimita 3, zurfin harafi milimita 3. Fenti kaɗai ba ya jure ruwan Jos da hunturunta. Gindin siminti ya kai gwiwa, a kafe allon da ƙusoshin da ba sa tsatsa, in ba haka ba ruwan tsatsa zai ɓata rubutun.

Hajiya Binta: To a bincika, amma a hanzarta. Baba ya kusa ɗari, muna so ya ga allon da idonsa kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya.